MU GANE KALMOMIN INGILISHI TA SHAIDAR HARUFFANSU



Ana gab da rufe karatun rani, mun kai ziyara wata cibiya a ƙasar Azagor. Da aka tashi darasi, sai wani dattijo ya matso da ɗan bido a hannu. Ya ce: "Malam, duba mini wannan. Na saye shi a kasuwa don in aje wa damana. Mai sayarwa ya ce maganin ƙwarin wake ne. Yanzu na iya karatun Hausa, amma wannan rubutu ya gagare ni."

Muka duba. Rubutun Ingilishi ne. An rubuta da manyan haruffa: HERBICIDE. A ƙasa an ƙara: NON-SELECTIVE. Muka ce masa: "Baba, wannan ba maganin ƙwari ba ne. Maganin haki ne, kuma irin wanda ba ya zaɓe. Da ka fesa shi a gona, da waken da hatsin duka sun bushe."

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "To, ashe sai mun shiga lakwal mun koyi Ingilishi?"

A'a. Ba sai mun iya Ingilishi duka ba. Wanda ya san haruffa ya riga ya yi rabin tafiya. Akwai kalmomin Ingilishi da yawa masu haruffa iri ɗaya, a farkonsu ko a ƙarshensu. In ka san ma'anar waɗannan haruffa kaɗan, za ka gane inda kalmar ta dosa. A kan haka za mu yi magana yau.

ME YA KAWO INGILISHI KASUWANNINMU?

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903. Sun mulki Najeriya har zuwa 1960. Shi ya sa Ingilishi ya zama harshen gwamnati a can. Mu nan Nijar, Faransa ce ta mulke mu har zuwa ranar 3 ga Agusta 1960, sai muka gaji Faransanci.

Amma kasuwa ba ta san iyaka ba. Kaya suna fitowa daga Kano da Katsina, su bi ta Jibiya da Ɗan Isa su shigo Maradi. Daga Maradi su hau mota zuwa Dakoro, su watsu cikin kasuwannin karkara irin su Sakabal. Maganin feshi, maganin bisashe, ƙwayoyin magani, sabulu, madarar gwangwani, da yawansu da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. Kayan Indiya da na Sin ma da Ingilishi suke zuwa.

Ga kuma wani abu. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan Ingilishi ba baƙo ba ne a wurinmu.

KALMA MA TANA DA SHAIDA

Makiyayi ba ya sanin kowane raƙumi da ya zo rijiya. Amma in ya ga shaidar wuta a wuyansa ko a cinyarsa, nan take zai ce: "Wannan na gidan wane ne." Shaida ce ta nuna dangi.

Haka kalmomi suke. Dubi Hausa: manomi, makiyayi, maɗinki, masaƙi, mahauci. Duka sun fara da MA. Duka sunayen masu sana'a ne. MA ita ce shaidarsu.

Ingilishi yana da haruffa 26. Mun san mafi yawansu tun a cibiya. Babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Akwai kuma waɗanda ba mu saba da su ba a rubutun Hausa: P, Q, V da X. Harafin X kamar alamar "sau" yake a lissafi. Kada ka damu da yadda ake faɗin kalma, don Ingilishi ba a faɗinsa yadda aka rubuta shi. Idonka shi ne zai yi aiki. Ga dangi 6 da ya kamata kowa ya riƙe.

DANGI NA 1: MASU ƘAREWA DA ER KO OR

Mu fara da waɗanda muka riga muka sani. Kullum muna faɗinsu, ba mu san daga Ingilishi suka fito ba.

DRIVER: direba
TAILOR: tela
CARPENTER: kafinta
LABOURER: lebura
BRICKLAYER: birkila
MESSENGER: masinja
GOVERNOR: gwamna
DOCTOR: likita
MOTOR: mota
TRACTOR: tarakta
GENERATOR: janareta

Kun lura? Na Ingilishi duka sun ƙare da ER ko OR. Na Hausa duka sun ƙare da A. Dalili shi ne, mutanen Ingila ba su fitar da R ta ƙarshe a baki. Kunnen Bahaushe ya ji A, sai ya riƙe A.

ER da OR suna yin aikin da MA take yi a Hausa. Suna nuna mai yin aiki, mutum ne ko inji. FARM gona ce ko noma, FARMER manomi ne. TEACH koyarwa ce, TEACHER malami ne. SPRAY feshi ne, SPRAYER famfon feshi ne. MANUFACTURER shi ne kamfanin da ya yi kayan.

DANGI NA 2: MASU ƘAREWA DA CIDE

Wannan shi ne dangin da ya fi muhimmanci ga manomi da makiyayi. Haruffa 4 ne: C, I, D, E. Sun fito daga Latinanci, tsohon harshen mutanen Roma. Ma'anarsu: kashewa. Duk maganin da sunansa ya ƙare da CIDE, aikinsa kisa ne. Abin da ya rage shi ne ka duba farkon kalmar, ka san me yake kashewa.

INSECTICIDE: INSECT ƙwaro ne. Maganin kashe ƙwari, irin su fara, tsutsa da ƙwarin wake.
HERBICIDE: HERB tsiro ne. Maganin kashe haki.
FUNGICIDE: maganin cututtukan fumfuna, irin su burtuntunar dawa. Sau da yawa gari ne da ake cuɗa iri da shi kafin shuka.
ACARICIDE: maganin kaska. Na bisashe a jiki ake sa shi, ba a ba su ta baki.
RODENTICIDE: maganin kusu da ɓera.
PESTICIDE: sunan gida ne gaba ɗaya. Duk waɗanda muka lissafa suna ƙarƙashinsa.

Ga abin daɗi. Faransanci ma ya gaji waɗannan haruffa daga Latinanci. INSECTICIDE, HERBICIDE, ACARICIDE da PESTICIDE rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu. FUNGICIDE ne kawai ya bambanta da harafi ɗaya, Faransawa suna rubuta FONGICIDE. Ke nan darasi ɗaya, riba biyu.

Abu na farko da za ka riƙe: INSECT na ƙwari ne, HERB na haki ne. Bido ɗinsu yakan yi kama. Warinsu ma ba zai nuna maka ba. Mai sayarwa kansa wani lokaci bai iya karatu ba, abin da aka faɗa masa yake faɗa maka. Rubutun ne kaɗai ke raba su.

Abu na biyu: duk mai CIDE guba ne. Abin da ke kashe ƙwaro yana iya kashe kaza, akuya da mutum. Ba a aje shi kusa da abinci. Ba a barin shi inda yara ke wasa. Bidon da ya ƙare ba a zuba masa ruwan sha, ko nono, ko mai, ko da an wanke shi sau 10.

DANGI NA 3: MASU FARAWA DA NO

N da O a farkon kalma sukan nuna hani ko rashi.

NO: a'a, ko babu.
NOT: ba.
DO NOT: kada.
NONE: ba ko ɗaya.
NON: maras.

Ga yadda suke zuwa a jikin kwalba:

DO NOT DRINK: kada a sha.
DO NOT EAT: kada a ci.
DO NOT SMOKE: kada a sha taba.
NOT FOR HUMAN USE: ba na mutane ba ne.

Mu koma ga bidon dattijo. SELECT zaɓe ne. SELECTIVE shi ne maganin haki mai zaɓe. Yana kashe wasu tsirrai ya bar wasu, kuma kowace shuka da nata. NON-SELECTIVE shi ne maras zaɓe. Ba ruwansa da haki ne, ko hatsi, ko wake, ko gujiya. In ka ga an rubuta GLYPHOSATE a jikin bido, irin wannan ne. Haruffa 3 kaɗai, N, O, N, su ne tsakanin gona mai rai da gona busasshiya.

DANGI NA 4: MASU FARAWA DA ANTI

ANTI na nufin mai yaƙi da abu, ko mai gaba da shi. A magungunan likita aka fi ganinsa.

ANTIMALARIAL: maganin masassarar cizon sauro. Dubi MALARIA a cikinta, ita ce sunan cutar.
ANTISEPTIC: ruwan wanke rauni da gyambo. Ba a shan shi.
ANTIVENOM: allurar dafin maciji. A gidan likita ake yin ta.
ANTIDOTE: makarin guba.
ANTIBIOTIC: maganin yaƙi da wasu ƙananan ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani.

ANTIBIOTIC ba maganin kowace cuta ba ne. Ba ya kashe kaska. In ana ba mutum ko bisa barkatai, ko a bar shi tun kwanakinsa ba su cika ba, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi. Ranar da ake bukatarsa da gaske, sai ya ƙi aiki. Likita ne ke rubuta na mutane. Malamin bisashe ne ke faɗin na garke.

ANTIDOTE kuwa, a jikin maganin feshi ake yawan rubuta ta. Bayani ne don likita. In tsautsayi ya sa wani ya sha guba, ko ta zube masa a jiki har ya galabaita, a kai shi gidan likita da gaggawa. A tafi da bidon. Likita zai karanta ya san abin da zai yi.

DANGI NA 5: MASU FARAWA DA EX

EX na nufin fita, ko waje.

EXIT: ƙofar fita.
EXPORT: fitar da kaya zuwa wata ƙasa, kamar yadda ake fitar da bisashenmu da wakenmu zuwa Najeriya. Kishiyarta ita ce IMPORT, shigo da kaya.
EXTERNAL: na waje. FOR EXTERNAL USE ONLY na nufin a shafa a jiki kawai, ba a sha. Kishiyarta a magani ita ce ORAL, wato ta baki.
EXPIRE da EXPIRY: ƙarewar wa'adi. Lokacin magani ya fita.

Wannan ta ƙarshe a gajarce ake rubuta ta: EXP. Kusa da ita akwai MFG ko MFD, wato lokacin da aka yi maganin. Ga misali:

MFG 05/2024
EXP 05/2026

Lamba ta farko wata ne, ta biyu shekara ce. An yi wannan magani a wata na 5 na 2024. Wa'adinsa ya ƙare a wata na 5 na 2026. Bayan nan ya mutu. Mataccen magani ƙarfinsa ya ragu, wani ma yana cutarwa. Kuɗinka sun tafi, cuta tana nan. In ka ga an kankare wurin EXP, ko an liƙa wata takarda a kai, aje shi ka yi gaba.

DANGI NA 6: KWANAKI DA WATANNI

DAY rana ce ko kwana. DAYS kwanaki ne. TODAY yau ce. DAILY kullum ne. TWICE DAILY sau 2 a yini. Ranakun mako 7 duka da DAY suka ƙare:

SUNDAY: Lahadi
MONDAY: Litinin
TUESDAY: Talata
WEDNESDAY: Laraba
THURSDAY: Alhamis
FRIDAY: Juma'a
SATURDAY: Asabar

Makiyayi, ka nemi DAYS a jikin kwalbar allura. Za ka ga MILK, wato madara, da MEAT, wato nama, kowanne da lamba a gabansa. In an rubuta MEAT 21 DAYS, ba a yanka dabbar a ci sai bayan kwana 21 da yin allura. In an rubuta MILK 7 DAYS, ba a shan nononta sai bayan kwana 7. Wannan misali ne, kowane magani da nasa kwanaki. Maganin feshi ma yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinki ganye ko wake. HARVEST girbi ne. Nemi DAYS kusa da ita.

Watanni 4 na ƙarshen shekara duka da BER suka ƙare, kuma Hausa ta mai da BER ta zama BA: SEPTEMBER Satumba, OCTOBER Oktoba, NOVEMBER Nuwamba, DECEMBER Disamba. A jikin kwali da haruffa 3 ake rubuta kowane wata:

JAN wata na 1, FEB na 2, MAR na 3, APR na 4, MAY na 5, JUN na 6, JUL na 7, AUG na 8, SEP na 9, OCT na 10, NOV na 11, DEC na 12.

A kula da MAR da MAY. A kula da JUN da JUL. Harafin ƙarshe ne ke raba su.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Shaida tana nuna hanya, amma ba kullum take faɗin gaskiya ba. A Hausa ma, "mage" da "mangwaro" sun fara da MA, amma ba masu sana'a ba ne. Haka a Ingilishi.

WATER ruwa ne, POWDER gari ne, daga nan muka samu "hoda". Sun ƙare da ER, amma ba masu yin aiki ba ne.
DECIDE yanke shawara ce. Ta ƙare da CIDE, amma ba guba ba ce.
EXTRA ƙari ne, ba fita ba.
NOV watan Nuwamba ne, ba hani ba.
CATTLE shanu ne, BOTTLE kwalba ce. Ƙarshensu ɗaya, amma ba dangi ba ne.
SHEEP tumaki ne, SHIP jirgin ruwa ne. GOAT akuya ce, COAT kwat ce.

Akwai wata NO mai ɗigo a gabanta, an bi ta da lambobi. Wannan ba a'a ba ce, lamba take nufi. A kayan Najeriya za ku ga NAFDAC REG. NO. NAFDAC ita ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, an kafa ta a 1993. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista. Maganin Najeriya da ba shi da wannan lamba abin zargi ne. Amma masu jabu ma sukan buga lamba, saboda haka ita kaɗai ba ta isa ba.

Don haka haruffa suna hana ka babban kuskure, amma ba su mai da ka likita ba. Yawan maganin da za a zuba a ruwa, da yawan allurar da za a yi wa bisa, malamin gona da malamin bisashe ne za su faɗa. Matambayi ba ya ɓata.

ABIN DA ZA KA YI A KASUWA

1. Karɓi bido ko kwalba a hannunka. Wadda ba ta da takarda, ko aka ɗura magani a tsohuwar kwalbar lemu, kada ka saya.
2. Nemi CIDE. Karanta farkon kalmar. INSECT ne ko HERB?
3. Nemi NON da NOT.
4. Nemi EXP. Karanta wata da shekara.
5. Dubi launin da aka ja a gindin takardar maganin feshi. Ja shi ne mafi haɗari. Rawaya na bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba mai kisa. Koren ma guba ne.
6. In ka yi shakka, kwafi kalmar a kayenka harafi bayan harafi. Kai wa malamin cibiya, ko malamin gona, ko yaronka ɗan kwaleji.

AIKIN CIBIYA

Malamai, a rubuta dangin nan 6 a allo. Kowane mai karatu ya zo da kwalin magani ko takardar sabulu daga gida. Bidon guba kada a kawo shi aji, a kwafo rubutunsa a kaye, a wanke hannu da sabulu. A nemo dangin kowace kalma. Sannan a amsa waɗannan tambayoyi:

1. Mene ne bambancin INSECTICIDE da HERBICIDE?
2. An rubuta EXP JUL 2027. A wane wata maganin zai mutu?
3. Wane magani ake nema in kaska ta kama shanu?
4. Me ya sa ake tafiya da bido gidan likita?

Dattijon Azagor ya mayar da bidonsa ranar kasuwa. Ya tafi da kayensa a aljihu, an rubuta INSECTICIDE da manyan haruffa a shafin farko. Ya ce daga yau ba ya sayen magani sai ya gwama rubutun kaye da na bido.

Ƴan uwa, mu yi koyi da shi. Wanda ya iya, ya koya wa maƙwabcinsa. Mata, ku ma ku riƙe, don ku ne ke ba yara magani, ku ne ke tatsar nono. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare garke da gona. Sai fitowa ta gaba.